Waldar da Ta Bi Babaji Kudu

Da sunan Allah nake farawa. Mutanen da ke cikin wannan labari biyar ne, ga su nan a jere don kada mai karatu ya ɓace a hanya. Na farko Malam Dabo, mai walda a bakin titin Yerimaram, cikin garin Potiskum. Ta biyu Jamilatu, 'yarsa ta fari. Na uku Babaji, mijinta, direban tirelar shanu. Na huɗu Abdulsalam, Babarbare, shi ma mai walda ne, amma a kamfanin masu aikin hanya ya koyi tasa. Na biyar Bubayaro, Bafulatani, kamashon da ke tsara lodin motoci a kasuwar shanu. Akwai kuma wani direba da ya kai saƙo, wanda ban riƙe sunansa ba. Abin ya faru ne da daminar shekarar alif ɗari tara da casa'in da huɗu.

Shekara talatin da ɗaya Malam Dabo ya yi yana walda, kuma dukansu da inji guda ya yi su, irin wanda ake naɗawa da wayar tagulla a cikin akwatin katako, ana jona shi da wutar gari. Waya biyu ke fitowa daga jikinsa. Ɗaya ana ɗaura mata mariƙin sandar walda, ɗaya ana maƙala ta a jikin ƙarfen da ake aiki. Wadda hannunsa ya fara kai wa ita yake ba mariƙi, bai taɓa ganin bambanci ba, domin a wannan inji babu bambancin. Sandar walda kuwa da kauri ya san ta, geji goma da geji sha biyu. Rubutun da ke jikin kwali bai taɓa damunsa ba. Direbobi sun san hannunsa tun daga Mamudo har Azare, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

A wannan damina tiransifomar unguwar ta ƙone. Aka kwana goma sha tara babu wuta, injin Malam Dabo na zaune a rumfa kamar tukunyar da aka kife.

Ranar Talata da hantsi Babaji ya zo. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe da surukinsa, ya daɗe yana gaisuwar kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Baba, kunnen sifirin na baya ne ya tsage, na hannun dama, daidai inda ya kama shasi. Gobe kuma layina ne a kasuwa. Anacha za ni."

Kunnen sifirin shi ne ƙarfen da ke riƙe sifirin a jikin shasi, wato ƙashin mota. Idan ya saki, tayoyin baya sai su kauce daga mazauninsu. Malam Dabo ya shiga ƙarƙashin motar ya duba, ya fito yana kaɗe riga.

"Babu wuta, kai ma ka sani. Ka kai wa wani mai inji."

Babaji ya sunkuyar da kai. "Baba, ai motata ba ta san hannun kowa ba sai naka."

Maganar ta yi wa tsohon daɗi, ko da yake bai nuna ba. Ya hau kekensa ya nufi wurin Abdulsalam, wanda ke da injin walda mai shan gas, da ya saya lokacin da kamfaninsu ya tashi. Ya tarar da shi a kan babur, zai tafi Fika gyaran garmar wani manomi, kwana biyu.

"Baba Dabo, ɗauki injin, ai naka ne," in ji Abdulsalam. Ya shiga ɗaki ya fito da wayoyin, don a ciki yake kwana da su saboda masu satar tagulla. Ya kuma miƙo wani dogon gwangwani a rufe ruf. "Tun da shasi ne, ga sanda mai ƙarfi. Sai dai Baba, wannan injin ba kamar naka ba ne. Wajen ɗaura wayoyin nan..."

"Kai, ɗan nan," Malam Dabo ya katse shi yana dariya, "ina walda kana goye a bayan gyatumarka. Waya biyu ce za ta gagare ni?"

Abdulsalam ya ji nauyin furfura. Ya yi murmushi, ya ce Allah ya huci zuciyar Baba, ya tada babur ya tafi.

Aka turo injin zuwa Yerimaram. Malam Dabo ya buɗe gwangwanin ya zube sandunan a kan buhu a ƙasan rumfa, yadda ya saba yi da nasa. Kafin ya fara aiki hadari ya haɗu, ruwa ya sauko tun la'asar, iska na kaɗo feshi cikin rumfar. Aikin ya kwana. Da safiyar Laraba ya taɓa sandunan ya ji sanyi a jikinsu, ya goge su da gefen rigarsa, ya shanya su a rana gwargwadon shan koko. Sa'an nan ya ɗaura wayoyin a jikin injin, kowace inda ta faɗa.

Tun daga taɓawar farko kunnensa ya ƙi aikin. Walda mai kyau ƙararta ɗaya ce, kamar ƙosai a cikin mai. Wannan kuwa tari take yi, tana tofar da tartsatsi, sandar na maƙalewa. Ya ce a ransa, injin kamfani ke nan, sai suna. Ya ƙara wuta. Ya bi tsagar sau uku. Da ya kankare dattin sama ya ga 'yan ƙananan ramuka kamar an tsira allura, sai ya sake bi a kai har suka ɓace. Ya goge da zarto, ya buga guduma sau uku, ƙarfe bai motsa ba. Ya shafa baƙin fenti, wurin ya fito sumul.

Babaji ko leƙawa bai yi ba. Ya yi godiya, ya tafi lodi. Bayan la'asar tirelar ta ɗauki hanyar Bauchi da shanu cike.

Ranar Alhamis da safe Abdulsalam ya dawo daga Fika, ya biyo ɗaukar injinsa. Yana cikin gaisuwa idonsa ya faɗa kan wayoyin, gaisuwar ta tsaya a bakinsa. Ya tsuguna, ya bi wayar mariƙi da hannu har gindinta. Ya ɗauki sanda ɗaya daga kan buhu, ya murza ta, farin jikinta ya marmashe.

"Baba, a haka ka yi aikin?"

"A haka. Injin naka ma tari yake yi kamar tsohon jaki."

"Da waɗannan sandunan? Nan suka kwana?"

"Nan suka kwana. Mene ne?"

Abdulsalam ya nuna masa wasu alamu biyu da aka buga a jikin injin, mai ya kusa rufe su. Ɗaya gicciye ce, alamar tarawa. Ɗaya layi ne kwance, alamar ɗebewa.

"Baba, ka yi mini haƙuri, yau sai na faɗa. Wutar gari da injinka ke sha, kai da komowa take yi, ta je ta dawo sau hamsin kafin ka ƙifta ido. Ba ta da kai, ba ta da gindi, shi ya sa kowace waya ka ɗauka daidai ne. Wutar wannan injin kuwa hanya ɗaya take bi, kamar ruwan kogi. Idan mariƙi na kan tarawa, wutar haƙa take yi, ta shiga cikin ƙarfe ta haɗa shi tun daga ciki. Idan yana kan ɗebewa, sandar ce ke saurin narkewa, ta zauna a sama. Wannan na ƙarfe marar kauri ne, irin ƙofa da taga, don kada a huda shi."

"To ni a ina na sa?"

"A kan ɗebewa."

Malam Dabo ya sake duban alamun. Abdulsalam ya juya sandar ya nuna masa lambar da ke gindinta.

"Taka ta kullum, sittin da sha uku ake ce mata. Ba ta da fushi, kowace wuta ka ba ta za ta ci. Wannan saba'in da sha takwas ce. Ta fi ƙarfi nesa, amma a injin nan tarawa take so, kuma ba ta shiri da laima. Shi ya sa nake rufe ta a gwangwani. Idan ta sha sanyi, shanya a rana ba ta warkar da ita. Ruwan sai ya shige cikin waldar, ya bar ramuka, kuma ba a ranar yake tsagewa ba. Sai an kwana biyu, an ɗora nauyi, an shiga rami."

"Na buga guduma," in ji Malam Dabo. Muryarsa ta yi ƙasa. "Sau uku."

Abdulsalam bai yi gardama ba. Ya tsinto guntayen ƙarfe biyu masu kauri, ya tada injin yadda yake, ya haɗa su da sanda mai laima. Ya sake tsinto biyu, ya musanya wayoyin, ya zaro busasshiyar sanda daga jakar babur ɗinsa, ya haɗa su. Ya matse na farko a bakin mamatsin ƙarfe, ya miƙa wa tsohon babbar guduma. A bugu na bakwai ƙarfen ya rabu. Cikin waldar duk ramuka ne kamar burodi, kuma ta zauna ne a sama kamar an ɗiga kakin zuma, gefen ƙarfen na nan yadda yake, wuta ba ta ci shi ba. Na biyun Malam Dabo ya buga har kafaɗarsa ta gaji. Ƙarfen ya lanƙwashe, waldar ba ta saki ba.

Ya ajiye gudumar. Ya dubi hanyar Bauchi, ya daɗe yana dubanta.

Su biyu suka hau babur zuwa kasuwar shanu. Bubayaro na ganin Abdulsalam ya fara wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari.

"A'a, bawana ne yau da sassafe? Ka zo ɗaukar mini buta?"

"Kai dai da ka girma a gindin saniya, yau babu wasa. Saurari Baba."

Bubayaro ya dubi fuskar Malam Dabo, dariyar ta tafi. Da ya gama ji, ya tura hularsa baya.

"Malam, mai shanu ba ya kwana a hanya. Yanzu haka ya sauka Jos, ƙila ma ya ga Makurɗi."

"Zan bi shi. A sa ni a mota."

"Wace mota? Je ka gidan mai ka ga layi, kwana uku mutane ke yi a kai. Ko ka samu, ina za ka tsaya ka ce nan ne? Hanya ce ta kwana biyu."

"Waya fa?" in ji Abdulsalam. "A buga daga ofishin waya."

"A buga wa wa, ɗan Barebari? Saniya ce za ta ɗauka? Kasuwar can babu wanda na san yana da lamba."

Abin da ya rage shi ne wasiƙa. Akwai tirela guda da ta makara da lodi, za ta tashi da azahar. Abdulsalam ya ɗora takarda a kan tankin babur ya rubuta abin da Malam Dabo ya faɗa: cewa waldar ba ta da kyau, laifinsa ne, kada Babaji ya ɗora kaya sai an kankare ta an sake. Bubayaro ya damƙa wa direban, ya ce hannu da hannu. Malam Dabo ya riƙe hannun mutumin ya maimaita masa saƙon da baki har sau uku, sai da direban ya ce, "Baba, na haddace, sake ni in tafi."

Daga nan babu sauran abin yi. Ranar Juma'a aka gyara tiransifoma, unguwa ta ɗauki sowa, Malam Dabo bai kunna injinsa ba. Yakan zauna a bakin rumfa, duk tirelar da ta fito daga yamma sai ya miƙe tsaye har ta wuce.

Jamilatu ce ke kawo masa abincin rana tun rasuwar mahaifiyarta. Da yake 'yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba, kuma magana ba ta tsawo a tsakaninsu. Ranar Asabar ta ɗauki kwanon jiya ta ji shi da nauyi.

"Baba, kwana uku ke nan ba ka ci. Jikin ne?"

Ya so ya ce jikin ne. Sai ya ɗauko guntun ƙarfen nan da ya rabu, ya nuna mata ramukan, ya faɗa mata komai, idonsa a ƙasa. Ta saurara har ƙarshe.

"To yanzu me za a yi, Baba?"

"An aika wasiƙa."

"Bayan wasiƙar fa?"

"Babu."

Ta gyara mayafinta, ta ce Allah ya tsare, ta tafi. Kwanon ma a nan ta manta shi.

Ranar Litinin direban da aka ba saƙo ya dawo. Malam Dabo ya tare shi a tasha tun bai gama tsayar da mota ba.

"Na same shi, Baba, lafiya lau, ya sauke shanu yana jiran lodin katako. Na ba shi a hannu, an karanta masa a gabana."

Malam Dabo ya yi hamdala.

"An sake waldar?"

Direban ya sosa ƙeya. "Ai mun shiga ƙarƙashi tare, muka haska. Aiki sumul, ko gashi bai tsage ba, fenti na ƙyalli. Sai ya yi dariya ya ce tsufa ne ya fara sa Baba wasiwasi. Na ce ga mai walda can, a kira shi mana. Ya ce shekara talatin aikin Baba bai taɓa saki ba, shi ba zai bar baƙo ya sa zarto a kai ba, ai cin fuska ne. Wallahi na yi iya yina."

Fentin da tsohon ya shafa da hannunsa shi ya rufe tsagar, sunan da ya yi shekara talatin yana ginawa shi ya hana a kankare fentin. Malam Dabo ya koma rumfa da ƙafa, ya bar kekensa a tasha. Yanzu ko wasiƙa babu inda za a aika ta, motar na wani wuri a kan hanya da katako a bayanta.

Ranar Laraba, ranar kasuwar shanu da ko ruwa Bubayaro ba ya samun sukunin sha, sai ga shi a Yerimaram da tsakar rana. Abdulsalam na zaune a wurin, amma bai tsokane shi ba. Bubayaro ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Malam, yana da rai. Fara jin wannan tukuna. A Hawan Kibo ne, kafin Jos. Ƙafar motar ta baya ta kauce, mota ta kwanta, katako ya biyo. An kai shi asibiti."

Bayan mako biyar aka dawo da Babaji gida, ƙafarsa ta dama babu daga gwiwa. Tuƙi ya ƙare. Masu zuwa dubiya duk bakinsu ɗaya, hanya ta lalace, ramuka sun yi yawa, abin da Allah ya rubuta ne. Malam Dabo ya bari sai da ɗakin ya rage mutane, sa'an nan ya yi abin da suruki ba ya yi, ya zauna a ƙasa kusa da tabarmar mijin 'yarsa.

"Ni ne. Na ɗaura waya a inda ba nan ba ne, na yi aiki da sanda mai laima. An gaya mini, na ƙi ji."

Babaji ya yi ƙoƙarin tashi zaune don kunya. "Haba Baba, don Allah tashi. Ai ramin da na faɗa, ko daga kamfani motar ta fito sai ta karye. Waya kuma ai waya ce."

"Ba waya ce kawai ba. Akwai tarawa, akwai ɗebewa..."

"Baba, bar wannan maganar, kada mutane su ji su ɗauka da gaske ne."

Jamilatu na bakin ƙofa da kwanon kunu. Ita kaɗai a gidan ta ga ramukan nan da idonta. Ba ta ce da mijinta ƙarya ne ba, ba ta ce da mahaifinta babu komai ba. Ta ajiye kunun ta fita. Malam Dabo ya zo neman wanda zai karɓi laifin daga hannunsa, ya tashi da abinsa.

Da ciwon ya warke aka ce Babaji na bukatar sandunan dogarawa. Na katako da aka kawo sun yi masa gajarta. Malam Dabo ya yanko siririn bututun ƙarfe, ya tura shi a keke har wurin Abdulsalam, ko da yake akwai wuta a rumfarsa. Ya goge alamun nan biyu da tsumma har suka fito fes.

"Bututu ne marar kauri," in ji shi. "Sittin da sha uku, mariƙi a kan ɗebewa. Haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"Duba dai."

Abdulsalam ya duba. Ya ce ko ya karɓa masa, tsohon ya girgiza kai. Waldar ta yi ƙarar ƙosai a mai daga farko har ƙarshe. Da ya gama bai shafa fenti ba, ya bar ɗinkin a fili inda kowa zai gani.

Ya kai su gidan da yamma. Babaji ya karɓa da hannu biyu, ya sa su a hammata, zai miƙe.

"Tsaya," in ji Malam Dabo. "Gwada su tukuna. Buga su da ƙasa. Duba wurin haɗin."

Babaji ya yi dariya. "Aikinka ne fa, Baba."

Ya saki dukan nauyinsa a kansu, bai duba ba. Malam Dabo ya miƙa hannuwa biyu kamar mai tarar yaro, ya bi shi a haka har bakin zaure, suka dawo, hannuwan na nan a miƙe.

Iyakar abin da na sani ke nan. Ni ba mai walda ba ne, kuma alƙalami ya zo hannuna bayan furfura. Idan na sa wata lamba a inda ba nan ba ne, ko na ɗaura wa tarawa aikin ɗebewa, wanda ya sani ya gyara mini a fili, kada ya ji nauyin shekaruna ya yi shiru.